Wa ke zaɓa mana cutar da za a yaƙa?

Tun da Tinubu ya rataya wa Bill Gates, attajirin da gidauniyarsa ke zuba kuɗi a yaƙi da polio, lambar girmamawa ta ƙasa CFR a watan Yunin 2025 ake ta tafi, har wasu na cewa wanda bai yi godiya ba butulu ne. Raina ya ɓaci. Ba da mutumin nake rigima ba, da mu nake, mu da muka bari mai ba da kuɗi shi ke zaɓa mana cutar da za a yaƙa.

Duk wanda ya zauna a unguwannin Kano ko Sakkwato ya san yadda ake yi. 'Yan polio su zo da akwatin ƙanƙara, su ɗiga wa yaro magani, su shafa masa tawada a ɗan yatsa, su rubuta lamba da alli a bangon gida. Kyauta, har ƙofar ɗaki. Washegari zazzaɓi ya kama yaron nan, uwar ta goya shi zuwa asibitin sha-ka-tafi, a miƙa mata takarda a ce ta je kemis ta saya. Matan da suka riƙa tambaya me ya sa wannan kyauta wancan da kuɗi, an ce musu jahilai. Wallahi tambayarsu daidai ce.

Za a ce ai an kawar da shan inna a 2020. Alhamdulillahi, kuma ina roƙon kowa ya bari a yi wa 'ya'yansa rigakafi. Za a ce gidauniyar Gates ta ɗauke mana bashin dala miliyan 76 da muka ci daga Japan don yaƙi da polio. Na ji. Amma wa ya zaɓa? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu mutuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya 'yan Najeriya ne, amma ban ga gwamnoni suna tsere a kansa yadda suka yi wa polio ba.

A Abuja shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 2001 cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafi zai tafi lafiya. Mu masu masaukin taron har yau muna wajen kashi 5. Wanda bai sa kuɗinsa ba, da wane baki zai zaɓa? Ga shi Gates da kansa ya ce zai rufe gidauniyar a 2045.

Su kuma attajiranmu da ke zuwa Umara kowane azumi, ina waƙafinsu na asibiti? Ko na gadon haihuwa goma a ƙauyen da aka yanke musu cibiya.