Littafin Hajiya da dokar da Sudan ke buƙata

A daminar 2024, da yaƙi ya faɗa Singa da Dindir, jama'a suka kwararo mana Gadarif a ƙafa, a amalanken jaki, a bayan manyan motoci. Makarantar firamaren unguwarmu ta zama masauki. A can na san wata baiwar Allah da kowa ke kira Hajiya. Ta karanta ilimin zamantakewa a jami'a, ta kuma daɗe tana aikin da Larabcin Sudan ke kiran mai yinsa bahis ijtima'i, mu kuma muke cewa ma'aikacin jin daɗin jama'a. Da kuɗinta ta sayi littafi mai kaurin bango, tana rubuta sunan duk yaron da ya iso ba tare da iyayensa ba: daga ina, wa ya tsince shi, wace riga ce a jikinsa, akwai tabo ko babu.

Akwai wani yaro da bai wuce shekara shida ba, wanda aka yi ta yi wa Larabci yana kallon ƙasa. Hajiya ta durƙusa a gabansa ta ce, "Ɗana, yaya ake kiran Innarka?" Sai ya ɗago. Laƙabin uwar kawai ya sani, da cewa akwai kogi a bayan gidansu. Da wannan ɗan abin ta yi ta bin masaukai, tana tambayar mutanen bakin kogin Shuɗin Nilu, har ta samo gwaggonsa. Ba ta kuma miƙa shi nan take ba. Sai da ta zaunar da matar ta tambaye ta abin da baƙo ba zai sani ba, ta ga yadda yaron ya yi da ya hango ta, ta sa mutum biyu suka shaida.

A wannan makarantar kuma na ga wani saurayi da riga mai tambarin wata ƙungiya, shi ma yana kiran kansa da sunan aikin Hajiya. Ya saurari wata yarinya da aka ci zarafinta a hanya, ya ɗauki hotonta, wai don a samo mata taimako. Kafin Juma'a ta zagayo labarinta ya shiga WhatsApp. Iyayenta suka tattara suka bar masaukin da dare. Ban ce saurayin mugu ba ne. Na fi zaton ba a taɓa koya masa cewa sirrin wanda ya kawo kuka amana ce ba. Amma da muka nemi inda za mu kai ƙararsa a hana shi sake zama da wata yarinya, ba mu samu ba.

Shi ya sa nake kira da a yi wa wannan sana'a doka tata ta kanta. Likita a ƙasar nan ba ya duba majiyyaci sai Majalisar Likitoci ta yi masa rajista, idan ya yi ganganci kuma ta iya karɓe lasisinsa. Lauya ma haka. To wanda ake damƙa wa maraya, da matar da aka keta wa haddi, da tsohon da 'ya'yansa suka ɓace, don me zai zama duk wanda aka miƙa wa riga?

Dokokinmu sun riga sun jingina da wannan ma'aikaci. Dokar Yara ta 2010 ta ce yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba, ta ce ba a tuhumar wanda bai kai 12 ba da laifi, ta tanadi kotun yara da sashen 'yan sanda na kare iyali da yara, ta kuma sa ma'aikacin jin daɗin jama'a cikin waɗanda ake so su kasance wurin idan ana yi wa yaro tambayoyi. Alƙali yana karanta rahotonsa kafin ya yanke hukunci. Tsarin kafala, wanda ake ba iyali jaririn da ba shi da kowa su rene shi, ya tsaya ne a kan ziyarar da yake kaiwa gidan kafin a ba da yaron da kuma bayan an bayar. Har Diwanin Zakka yakan nemi binciken halin gida kafin ya ba da tallafi. Sai dai dokar 2010 an yi ta ne don kare yaro. Tsara sana'ar mai kare yaron wani aiki ne daban da ke jiran a yi shi.

Mun ga abin da ke faruwa idan masu kula suka kasa isa wurin aikinsu. A makonnin farko na yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, jarirai da ƙananan yara fiye da 60 suka rasu a gidan marayu na Maigoma a Khartum, saboda yunwa da zazzaɓi da ƙarancin hannayen da za su shayar da su. A watan Yuni ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta kwashe kusan yara 300 zuwa Wad Madani, a Disamba kuma da garin ya faɗi aka sake gudu da su. Kowane ɗaya daga cikinsu yana buƙatar mutumin da ya san fayil ɗinsa. Yanzu a lissafa da mutane fiye da miliyan 10 da yaƙin ya raba da gidajensu.

Dokar da nake nufi za ta kafa majalisa mai rajista, ta hana kowa amfani da sunan sana'ar sai wanda ke cikin rajistar. A Ingila tun 2005 laifi ne mutum ya kira kansa da wannan suna ba tare da rajista ba, 'yan uwanmu na Najeriya ma sun samu dokar kafa irin wannan majalisa a ƙarshen 2022. Za ta sa riƙe sirri ya zama wajibi mai hukunci, ta kuma ba ma'aikaci kariya, yadda babu wani mai bindiga ko mai muƙami da zai tilasta masa ya buɗe littafinsa sai da umarnin kotu. Wannan ya fi komai muhimmanci a wurina, domin a ƙasar da ake tuhumar mutum da haɗa baki da abokan gaba saboda unguwar da ya fito, jerin sunaye na iya jawo wa iyali halaka. Za ta kuma tsayar da albashi da matakan ƙarin girma, kada ƙwararru su ci gaba da barin ma'aikatun jihohi zuwa ƙungiyoyin waje masu kwantiragin wata shida.

Na san abin da dattawanmu za su ce, kuma ba na raina shi. Za su ce mu Hausawa muna da zumunci, muna da liman da mai unguwa da sarki; tun zamanin da Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya sauka a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903 ba mu bar maraya ya kwana a titi ba. Gaskiya ne. Amma zumunci yana aiki ne inda aka san juna, yaƙi kuwa ya tarwatsa unguwannin. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022 ya riga ya nuna mana haka, lokacin da mutanenmu suka watsu daga Damazin da Rusairis da Wad al-Mahi, wasu ba su koma ba har yau. Akwai kuma ɓarnar da ake yi a cikin gida, wadda kunya ke sa dangi su rufe, yarinya ta girma da ita. Nan ne ake buƙatar wanda ba ya jin nauyin kawu.

Wasu kuma za su ce ana tsakiyar yaƙi, babu ma majalisar dokoki, wa ke ta doka? Tun 2019 taron haɗin gwiwa na Majalisar Mulki da majalisar ministoci ne ke zartar da dokoki, kuma ya zartar da su da yawa. Wannan ba ta fi su wuya ba. Tunda sojoji suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025 da Khartum a Maris, mutane na komawa gida, kuma a lokacin komawa ne ake neman yaran da suka ɓace, ake rigimar wa zai riƙe marayu.

Tsorona ɗaya game da dokar, kuma dole a faɗe shi tun ana rubuta ta: kada rajista ta zama wata sabuwar ƙofa da za a rufe wa 'ya'yanmu. Bahaushen Sudan ya san zafin a tambaye shi takardar kakansa kafin a ba shi lambar ɗan ƙasa. A sa sharaɗin rajista ya zama karatu da gogewa kawai. A kuma buɗe matakin mataimaki ga matasan ɗakunan agajin gaggawa da matan da suka riƙe takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka, suna ciyar da unguwanni tsawon yaƙin nan, a horar da su, a ba su shaida. Sannan a rubuta ƙarara cewa yaro yana da haƙƙin a saurare shi da harshen da yake ji, ko Hausa ko Fulatanci ko Bidawiyet ko harshen Fur. Sarakunan Hausawa na Gadarif da Kasala da Sinnar, da ɗalibanmu masu karanta wannan fanni, su ne ya kamata su kai wannan buƙata ma'aikatar jin daɗin jama'a a rubuce, tun kafin wani ya rubuta daftarin ba tare da mu ba.

An buɗe makarantar unguwarmu, baƙin sun tashi. Da na je gaishe da Hajiya kwanakin baya, ta ɗauko littafin daga ƙasan akwatinta, a naɗe cikin leda. Akwai sunayen da har yanzu ba ta ja musu layi ba. Ta ce, "Malam, ni na fara gajiya, idona ma ya yi rauni. Wa zan damƙa wa wannan in tabbata ba zai faɗa hannun da bai kamata ba?"