Kafin a yi mana maganar bututun haidurojin, a tambaye mu ruwa

Jama'ar Damagaram, assalamu alaikum. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, domin magana ce da ta tsaya mini a rai.

Shekaranjiya da dare muna zaune a fada ana dafa shayi, wuta ta ɗauke, sai ƙanena da ya karanci aikin injiniya ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, dubi wannan taswirar." Layuka ne aka ja daga arewacin Afirka, suka tsallake teku, suka shiga Turai. Ya ce bututu ne da ake shirin shimfiɗawa don jigilar wata iska mai suna haidurojin. Na ce me ya haɗa mu da shi? Ya sa yatsa a kan Aljeriya, ya jawo shi ƙasa har Agadas, har Tanut, har garinmu. Bai ƙara cewa komai ba, ni kuma tun daren nake ta tunani.

Ga yadda na fahimci abin. Haidurojin iska ce da in aka ƙona ta ba ta fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya, tururin ruwa kawai take bari. Shi ya sa Turawa suke son ta maye gurbin gawayi da gas a masana'antun ƙarfe da na taki, inda lantarki kaɗai ba ya iya aikin. Amma kusan duk haidurojin da duniya ke amfani da ita yau, sama da tan miliyan 90 a shekara, daga gas da gawayi ake samo ta, wato da hayaƙinta. Mai tsabtar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Ita mai tsabtar, ruwa ake samu a tura masa lantarkin rana ko na iska, ya rabu biyu, a kwashi haidurojin. Rana kuwa ba a Jamus take ba, a wajenmu take.

A shekarar 2022 Tarayyar Turai ta ce tana son ta riƙa shigo da tan miliyan 10 daga waje nan da 2030. A watan Disamba na shekarar, Fotugal da Sifaniya da Faransa suka sanar da bututun H2Med, wanda wani sashensa zai bi ta ƙarƙashin teku daga Basalona zuwa Marsai. Jamus ta amince da shimfiɗa hanyoyin haidurojin na kusan kilomita 9,000 a cikin ƙasarta, yawancinsu tsofaffin bututun gas ne za a gyara. Wanda ya fi kusa da mu shi ne SoutH2, mai tsawon kilomita 3,300, da zai kwaso daga Aljeriya da Tunisiya ya kai Italiya da Ostiriya da Jamus. Ministocin ƙasashen biyar sun sa hannu a kan takardar niyya a Rum a watan Janairun 2025. A ɗaya gefen kuma ga tsohuwar maganar bututun gas na Sahara, wanda zai taso daga Warri a Najeriya, ya ratsa Nijar, ya ƙare a Hassi R'Mel ta Aljeriya, sama da kilomita 4,000. An sa hannu a kansa a Abuja a 2009, aka sake tayar da shi a 2022. Wannan na gas ne, kada a ce na ce na haidurojin ne. Amma duk wanda ya ga yadda Turawa ke mayar da bututun gas na haidurojin, ya kuma duba abin da ke tsakanin Kano da Agadas, ya san wata rana maganar za ta iso ƙofar gidanmu.

Ni ba na adawa da shi. Mu ne muka fi kowa sanin abin da ɗumamar yanayi ke yi: damina ta makara, ta zo ta yi ambaliya ta rushe gidajen laka, rairayi ya cinye gonar da kakanka ya nome. In masana'antun Turai suka rage hayaƙi, manomin Mirya ma zai amfana. Abin da nake tsoro daban ne.

Ku tsaya mu yi lissafin ruwa. Kilo ɗaya na haidurojin yana cin aƙalla lita 9 na tataccen ruwa, in aka haɗa da tacewa da sanyaya injuna ya wuce haka nesa. Wato bido ɗaya mai lita 25 ba zai ba ka kilo uku cikakku ba. An ce SoutH2 zai iya ɗaukar tan miliyan 4 a shekara, ku buga da tara ku gani: lita biliyan 36, a mafi ƙaranci. Ƙasashen bakin teku irin Maroko da Muritaniya da Namibiya suna cewa za su tace ruwan teku. Mu ina tekunmu? Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga Ganaram. A watan Afrilu da ya wuce, da idona na ga 'yata mai shekara goma sha biyu zaune a kan bido da ƙarfe uku na dare, ta jingina kanta da bango tana gyangyaɗi, tana jiran famfo ya yi tari. Layin bidodi ya kai bakin masallaci, an ɗaure su da igiya ɗaya don kada wani ya tsallake wani. Da asuba ta cika biyu, ta yi wanka da rabin bokiti ta tafi makaranta. Duk wanda zai zo mini da maganar raba ruwa a sayar wa Turai iskarsa, sai ya fara zama a kan wannan bidon dare ɗaya. Ruwan da ke ƙarƙashin hamada kuma, wanda wasu za su nuna, ya taru ne cikin dubban shekaru, in aka zuƙe shi ba damina ɗaya ko goma za ta mayar da shi ba.

Wuta ma haka. Kilo ɗayan nan yana cin lantarki kusan kilowat-awa 50, abin da zai juya ƙaramar fanka wajen kwana arba'in ba tsayawa. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a gida. Mun tuna watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ke ba ƙasar nan kusan kashi 70 cikin 100 na abin da take amfani da shi. Masu walda suka zauna, masu niƙa suka rufe, masu sayar da ƙanƙara a Kasuwar Dole suka rasa abin yi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan za a shimfiɗa faranten rana a dajin Tanut da Tasker don tura iska Jamus, to layin farko ya shigo Birni da Zango da Garin Malam da Kara-Kara.

Wancan watan na Agusta ya kuma koya mana darasi na biyu, wanda ya shafi duk wani abu da ke tsallake iyaka. Waya ko bututu, makullinsa yana hannun maƙwabci. Bututun ɗanyen mai daga Agadem zuwa Seme a Binin ya kai kusan kilomita 2,000, an gama shi, amma a 2024 rikicin rufe iyaka ya sa lodin mai ya yi ta tsayawa, a watan Yuni kuma 'yan bindiga suka fasa wani sashensa. To wannan mai ne, ana ganinsa in ya zuba. Haidurojin ba ta da launi, ba ta da wari, ta fi kowace iska sauƙin sulalewa, tana ratsa ƙarfe ta sa shi gautsi har ya tsage, kuma tana kama wuta da ɗan tartsatsi. Wa zai tsare irin wannan bututun a tsakiyar Tenere? In ya fashe kusa da rugar makiyayi, wa zai biya?

Damagaram ta san zama hanya. A zamanin Sarki Tanimun ayarin da ke tasowa daga Tarabulus zuwa Kano nan yake yada zango, kuma garin ya ci moriyarsa: aka gina ganuwa, majema da maƙera suka samu aiki, fatake suka zauna suka yi gidaje. Ayari yana tsayawa ya ci, ya sha, ya saya, ya sayar. Bututu ba ya tsayawa. Yana wucewa ta ƙarƙashin gonarka shiru, in ba a rubuta rabonka a takarda tun farko ba, ba abin da za ka gani sai allon gargaɗi. Mutanen Arlit sun fi mu sani, tun daga 1971 aka yi shekara da shekaru ana kwasar yuraniyom ana kunna fitilun Faransa da shi. Matatar SORAZ kuwa, da aka buɗe a 2011 tana tace ganga 20,000 a rana, duk da ƙorafin da ake yi, aƙalla a nan ake sarrafa man, a nan ake cika tukwanen gas da matanmu ke girki da su. Bambancin ke nan tsakanin abin da ke wucewa da abin da ke zama.

Shi ya sa nake ganin in har za mu shiga harkar haidurojin, to ta ƙofar taki za mu shiga. Haidurojin da aka haɗa da iskar naitirojin ita ke ba da amoniya, amoniya kuma ita ce uwar takin zamani. Manomin Matamaye da Magarya da ke sayen rabin buhu ya barbaɗa wa gonar da ke bukatar uku, shi ya kamata ya fara ganin amfanin ranar da ke ƙona masa baya. Ƙaramar masana'anta a inda aka tabbatar akwai ruwan da ke sabuntawa ta fi mana bututun da ba mu da iko da bakinsa ko wutsiyarsa. A Mali ma, a ƙauyen Burakebugu, masu haƙar rijiya sun ci karo da haidurojin a ƙarƙashin ƙasa a 1987, daga baya aka kunna wa ƙauyen wuta da ita. Me zai hana malaman ilimin ƙasa na jami'armu ta nan Damagaram su samu kuɗin bincike su duba namu duwatsun?

Tun ran gini ran zane. Ina roƙon sarakunanmu, da malaman jami'a, da 'yan jarida, da ƙungiyoyin farar hula, duk ranar da aka kawo takardar wani bututu, na gas ne ko na haidurojin, a karanta mana ita da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Buzanci a gidan rediyo kafin a sa hannu. A faɗa mana daga wace rijiya za a ɗebi ruwa, lita nawa, kashi nawa na wutar zai tsaya a gida, 'ya'yanmu nawa za a koya wa walda da gyaran injunan. Ƙanena ya gama karatu shekara uku ke nan, takardunsa suna cikin akwati, yana gyaran waya a bakin tasha.