Tsofaffin otel-otel na bakin teku da asalinsu

A majalisarmu nan Sakkwato, ƙanena ya nuna hotunan da ya ɗauko a Grand Hotel na garin Scarborough, Ingila. Nan take wani dattijo ya ce ai irin waɗannan wurare don shashanci aka gina su tun asali. Na sha jin wannan magana, kuma tana damuna. Ban ga laifin masu faɗinta ba, abin da suke gani a talabijin ke nan.

Amma asalin abin neman lafiya ne. Tun kafin 1750 likitocin Ingila suka fara tura marasa lafiya su yi wanka a teku, wasu ma har a ce su sha ruwan. Masu hali suka riƙa zuwa jinya, dole aka gina musu masauki.

Wannan otel an buɗe shi a 1867. Bahon wankansa na farko yana da ƙarin famfo na ruwan teku, don baƙo ya yi wankan magani ba sai ya fita ba. A bakin ruwan kuwa, a wancan zamanin wurin maza daban ne, na mata daban, kuma cikin wata 'yar rumfar katako mai ƙafafu ake canza tufafi, doki ya ja ta har cikin ruwa.