Tsoma gato cikin shayi ba ƙauyanci ba ne

Salamu alaikum jama'ar Damagaram. Akwai wata sabuwar ɗabi'a da ta shigo wuraren walima da bikin suna a garin nan: da an ga mutum ya tsoma gato ko kek cikin kofin shayinsa, sai a fara harara da taɓe baki, wai bai waye ba. Ni ra'ayina a fili yake. Kofinsa ne, gatonsa ne, ya tsoma abinsa ya ci lafiya. Masu hararar su ne ke da abin gyarawa.

Mu da aka raina da tuwo da miya, yaushe tsomawa ta zama baƙuwa a wurinmu? Ba wanda ke murna da cin tuwo gaya. Masa ana dangwala ta a romo, ƙosai ana gutsura shi cikin koko. Ka leƙa teburin kowane mai shayi a Zango ko a bakin Kasuwar Dole bayan sallar asuba, ka ga 'yan kabu-kabu da 'yan ga-ruwa da leburori jere a benci, kowa da Lipton da madara a gabansa, yana lanƙwasa burodi yana nitsa shi cikin kofi. Da wannan karin kumallon suke fita neman halak har rana ta take. Ba wanda ya taɓa ce musu sun yi rashin ladabi. To me ya sa da an ƙara wa fulawa ƙwai da sukari da man shanu sai doka ta canza?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wayewar da ake taƙama da ita ma ba haka take ba a gidan masu ita. Faransawa sun kama garin nan a 1899, nan ne ma babban birnin mulkinsu har zuwa 1926 da suka koma Yamai, kuma daga wurinsu muka gaji dogon burodin nan da gato. Su ɗin nan da safe a ƙaton kwano suke shan kofi da madara, su shafa wa burodi man shanu su tsoma ciki. Ƙyamar tsomawa ta fi ƙarfi ne a teburin manyan Ingila, inda wajen 1840 matan sarauta suka mayar da shan shayin la'asar wani biki mai ƙa'idoji. Amma talakan Ingila bai taɓa daina tsoma biskit ba. Matuƙan jiragen ruwansu na da sai sun jiƙa busasshen biskit ɗin guzuri kafin haƙori ya iya da shi. A 1998 ma wani masanin kimiyya mai suna Len Fisher, a jami'ar Bristol, ya zauna ya yi bincike a kan yadda shayi ke ratsa biskit idan an tsoma shi.

Kuma akwai hikima a ciki. Gato cike yake da 'yan ƙananan ramuka, su ke zuƙe ruwan zafi. Zafin ya narka sukari da man da ke ciki, ƙamshi ya taso, abin ya yi laushi a baki. Duk wanda ya yi hunturu a Damagaram ya san gaton da aka gasa jiya, yau ya bushe ƙamas, iska ta shanye shi. A gidan da ake ƙirga dala-dala kafin a sayi abin karin kumallo, zubar da shi za a yi don kada a ce an yi ƙauyanci? Shayi mai zafi ne ke dawo da shi abinci.

Sai tsofaffinmu, kuma nan ne maganar ta fi taɓa ni. Na ga wani dattijo a wurin walima, an ajiye masa shayi da yankan gato a faranti. Ya ɗauka zai tsoma, sai jikarsa ta sunkuyo ta raɗa masa: "Kaka, ba a yin haka a nan, mutane na kallo." Bawan Allah ya mayar da gaton faranti, ya shanye shayinsa ziryan, bai sake taɓa shi ba har aka watse. Haƙoransa sun zube, ba zai iya tauna busasshen abu ba. Yarinyar ba mugunta ta yi ba, tsoron bakin ƙawayenta ta ji. Amma mu duba abin da muka koya wa 'ya'yanmu: su fifita idon baƙi a kan cikin kakansu. Wallahi wannan ya fi tsoma gato muni nesa ba kusa ba.

Ga mai son hujjar addini, ya zo a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Kuma tharid, abincin da ya yaba har ya kwatanta falalar Nana A'isha a kan mata da falalarsa a kan sauran abinci, gurasa ce da ake gutsuttsurawa a jiƙa ta cikin romon nama.

Amma fa akwai inda ni ma ba na yarda, wato shayin fada, wurin zaman hirar abokai a unguwa. Wannan koren shayin na ƙasar Sin da ake dafawa a 'yar buta kan garwashi, a yi na farko, na biyu, na uku, kofunan gilashi biyu ko uku ne ke zagaya mutum goma. Ka sha, ka mayar, a zuba wa na gaba. In ka tsoma abu mai maiƙo ciki, ka bar ɓarɓashi a gindin kofi, ka kashe kumfar da mai dafawa ya sha wahala yana ɗaga buta sama kafin ta tashi. Wannan shiga haƙƙin wani ne, domin kofin ba naka ba ne kai kaɗai. A can ka gutsura a hannu, ka kurɓa a kai.

Kek ɗin biki mai kirim a sama shi ma ba na tsomawa ba ne, don yana taɓa ruwa zai dagargaje, kirim ya yi ta yawo a saman shayi. Alkakinmu kuwa, wanda baƙi ke saya su yi tsarabar Damagaram da shi, ya riga ya sha zuma ko sukari tun daga hannun mai yi. Ni na fi son in gutsure shi in bi da shayin farko mai ɗaci. Amma in Hajiya ta ce sai ta jiƙa nata a kofinta, ba ruwana da ita.

Roƙona ga masu shirya walima, iyayenmu mata da 'yan mata masu rabon abinci: in za ku kai wa dattawa shayi da gato, ku kai shi da zafinsa, a kofi mai faɗin baki, ku haɗa da ƙaramin cokali don kwashe abin da ya faɗa ciki. In kuma kun ji wata ta fara gulma a gefe, ku tsawata mata tun a wurin.