Ba kowane “sanction” ne takunkumi ba

A watan Maris na 2019 jaridun Turanci na Najeriya sun ba da labarin cewa Babbar Kotun Tarayya ta yi “sanction” ɗin haɗewar bankunan Access da Diamond. Wanda ya saba jin kalmar a labaran Iran da Rasha zai ɗauka kotu ta taka wa bankunan birki ne, ko ta ci su tara. Alhali akasin haka ne ya faru. Kotu ta amince, kuma daga farkon Afrilu sunan Diamond ya fara ɓacewa daga jikin gine-gine, Access ya haɗiye shi. Da mai fassara zai yi gaggawa ya rubuta “kotu ta hukunta bankuna biyu”, da washegari masu ajiya sun yi dafifi a bakin ƙofa suna neman kuɗinsu.

Kalmar tana da fuska biyu, kuma tun asali haka take. Daga Latin ta fito, tushenta ɗaya da kalmar da Turawa ke kiran waliyyi da ita, ma'anarta dokar da aka tabbatar har ta zama abin da ba a taɓawa. Kowace doka kuwa tana tafe da abu biyu: abin da ta yarda a yi, da abin da zai samu wanda ya keta ta. Turanci ya riƙe duka biyun a kalma guda, ya bar mai karatu ya rarrabe da kansa.

Rarrabewar ba ta da wuya in an natsu. A duba abin da aikatau ya faɗa wa. In mutum ne, ko kamfani, ko ƙasa, galibi hukunci ake nufi. In kuwa aiki ne ko shiri, kamar haɗewar banki, ko kashe kuɗi, ko kai farmaki, to amincewa ake nufi. Jam'in kalmar, “sanctions”, kusan kullum horo ne, musamman in ya zo da “impose” ko “lift”. Amma “without the sanction of the board” na nufin ba da izinin hukumar gudanarwa ba, “state-sanctioned killing” kuma kisa ne da hukuma ta ɗaure wa gindi. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni tsoro, domin in aka juya shi, gwamnatin da ake zargi da hannu a kisa sai ta koma wadda ta hukunta masu kisan. Masu bin damben zamani sun san wani misalin: ƙungiyoyin WBC da WBA da IBF da WBO ana kiransu “sanctioning bodies”, kuma “sanctioning fee” da ɗan dambe irin Anthony Joshua ke biya ba tara ba ce. Kuɗin da ake ba ƙungiya ne don ta yarda a sa kambunta a wasan.

Bai kamata Bahaushe ya yi mamaki ba, don mu ma muna da irin tamu. “An ba sojoji horo” da “an yi wa yaro horo” ba abu ɗaya ba ne, kuma ba mai ruɗewa. Alƙali yana iya yanke hukunci ya wanke wanda ake tuhuma, amma da zarar an ce “an hukunta shi” kowa ya san bai kwana lafiya ba. Kunnenmu ya saba da waɗannan. Abin da ya rage shi ne mu yi wa Turancin irin wannan sauraro, maimakon mu haddace cewa kalma kaza daidai take da kalma kaza.

Ko inda kalmar ke nufin horo, akwai sauran aiki, kuma a nan ne nake ganin ɗakunan labaranmu sun fi sakaci. Takunkumi ya zama rigar da ake sa wa kowa. A Oktoban 2015 hukumar sadarwa ta NCC ta ɗora wa MTN naira tiriliyan 1.04 saboda layuka miliyan 5.2 da ba a yi musu rajista yadda ya kamata ba, naira 200,000 kowane layi, kafin a daidaita kan naira biliyan 330 a 2016. Wannan tara ce, sunanta ke nan. MTN bai daina aiki ba, ba a hana kowa hulɗa da shi ba. Haka ma naira miliyan uku-uku da hukumar kula da kafafen watsa labarai ta NBC ta ci tashoshin Channels da AIT da Arise a Oktoban 2020 kan yadda suka watsa labarin zanga-zangar EndSARS. Ma'aikacin gwamnati da aka yi wa “sanction” wataƙila takardar gargaɗi aka ba shi, wataƙila dakatar da shi aka yi, wataƙila an rage masa matsayi ko an kore shi baki ɗaya. Tsakanin gargaɗi da kora akwai abincin iyali guda. Hausa tana da suna ga kowanne, kuma al'ummar da ta gaji bambancin haddi da ta'aziri da ƙisasi da diyya daga littattafan fiƙihu ba ta da uzurin cusa komai a buhu ɗaya.

Har “hukunci” ɗin ma a yi hattara da shi, don yana ɗauke da ƙamshin kotu. A Mayun 2023 Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya ce NBC ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin kafafen watsa labarai tara, a ƙarar da ƙungiyar Media Rights Agenda ta shigar kan tarar naira 500,000 da aka ɗora wa tashoshi 45 a 2019. Duk wanda ya rubuta a lokacin cewa hukumar ta “yanke wa tashoshi hukunci”, ya ba ta rawanin da daga baya kotu ta ce ba nata ba ne.

Za a ce mini kanun labari ba ya ɗaukar dogon bayani, kuma mai fassara a gidan rediyo minti kaɗan gare shi kafin a buɗe masa makirufo. Gaskiya ne. Amma “tara” ta fi “takunkumi” gajarta, “kora” ma haka. Matsalar ba ta wuri ba ce, ta karanta labarin har ƙarshe ce kafin a ɗauki alƙalami.

Inda takunkumi ya dace kuwa, ya dace ƙwarai, kuma duk wanda ya fara ara wa siyasar duniya wannan kalma ya iya Hausa. Abin da ake ɗaure wa kura ko raƙumi a baki ne: ba a kashe dabbar ba, an dai hana ta cizo, an kuma hana ta ci. Mun ga haka a ƙofar gidanmu. Bayan sojoji sun kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, shugabannin ECOWAS sun zauna a Abuja ranar 30 ga wata suka rufe iyakoki da Nijar, suka hana jirage zirga-zirga, suka dakatar da cinikayya, suka riƙe kuɗaɗen ƙasar. Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga nan take zuwa a lokacin. A cikin mako guda kalmar ta iya fitowa da fuskokinta biyu: ƙungiyar ta yi “sanction” ɗin Nijar, Majalisar Dattawan Najeriya kuma ta ƙi yin “sanction” ɗin amfani da ƙarfin soja, wato ta ƙi amincewa, ta ce a bi ta sulhu.

Sai dai ko a nan, kalmar tana iya zama labule. “An sa wa sojojin Nijar takunkumi” aka riƙa cewa, amma bakin da aka ɗaure na direban tirela ne da ya yi makonni a Illela ko Jibiya kaya na lalacewa, da mai walda a Maraɗi da ba wuta, da majinyacin da maganinsa ya maƙale a hanyar Kwatano. Janar Tiani, jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin, bai sauka ba. A Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ƙungiyar, ranar 24 ga Fabrairu kuma aka janye yawancin matakan. Abin lura, sashe na 41 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda kwamitin sulhu ke dogara da shi wajen irin wannan mataki, bai yi amfani da kalmar “sanctions” ba sam. Ya lissafo abubuwan ne ɗaya bayan ɗaya: katse hulɗar tattalin arziki, da ta jiragen ƙasa da na ruwa da na sama, da gidan waya da rediyo, da yanke hulɗar jakadanci. Edita a Kano ko Damagaram zai iya bin wannan tsari: bayan ya rubuta “takunkumi” a kanu, layi na farko ya faɗi me aka rufe, me aka yanke, kuma wa zai ji a jikinsa.