Takobi ko wuƙa: tsohuwar hujjar Donoso Cortés ta dawo bakin masu kare mulkin soja

Tun da aka rantsar da Janar Tiani a watan Maris na 2025 don ya ja ragamar Nijar na shekara biyar, aka kuma rusa jam'iyyu, waƙa ɗaya nake ji daga masu sharhinmu: ko soja ko hargitsi, zaɓi biyu ke nan. Suna faɗin ta da alfahari kamar su suka ƙago ta. Ai wani basaraken Sifaniya ya riga su da shekara fiye da 170, kuma ya fi su iya tsara ta.

Sunansa Juan Donoso Cortés, haifaffen yankin Extremadura a 1809, wanda aka yi wa sarautar Markis na Valdegamas. Da ƙuruciya mai sassaucin ra'ayi ne. Rasuwar ɗan'uwansa a 1847 da guguwar juyin juya halin 1848 suka juya shi gaba ɗaya. A shekarar ce aka kori Sarki Louis-Philippe daga Faransa, aka daɓa wa ministan Fafaroma wuƙa a Roma har Fafaroman ya tsere daga birnin. A Madrid kuwa Janar Ramón Narváez, shugaban gwamnatin Sifaniya a lokacin, ya murƙushe bore da ƙarfin bindiga.

A watan Janairun 1849 Donoso ya miƙe a majalisa don kare Narváez. Ya ce da zaɓin tsakanin 'yanci ne da kama-karya, da ya zaɓi 'yanci. Amma a cewarsa zaɓin tsakanin kama-karyar wuƙa ne da ta takobi, wato ta 'yan bore da ta gwamnati, don haka ya ɗauki takobi saboda ya fi daraja. Magana mai daɗin ji, shi ya sa har a ƙarni na 20 Carl Schmitt, masanin shari'ar Jamus da ya yi wa 'yan Nazi aiki, ya riƙa ɗaga ta.

Abin da masu yabon ba sa so a tuna shi ne abin da ya biyo baya. Shekara biyu ba ta cika ba, a ƙarshen Disambar 1850, Donoso ɗin nan ya sake miƙewa a majalisar, wannan karon yana caccakar gwamnatin da ya kare kan cin hanci da son abin duniya. Cikin makonni Narváez ya ajiye muƙami. Wanda ya yi wa takobi kirari shi ne ya fara ganin tsatsar da ke jikinsa. Ya rasu a Paris a 1853 yana jakada, yana da shekara 43, bai ga sauran wasan ba.

Mu mun gani. Sojoji sun yi bore a 1854. A 1868, watanni kaɗan bayan mutuwar Narváez, janar-janar suka tumɓuke Sarauniya Isabel ta Biyu, gadon da aka ce takobi zai tsare. A 1874 wani janar ya watsa majalisa, wani ya dawo da sarauta. Sai juyin mulkin Janar Primo de Rivera a 1923, sai yaƙin basasa a 1936, sai kama-karyar Janar Franco har 1975. Ana maganin ƙaba, kai na kumbura. Ina zaman lafiyar da aka yi wa mutane alkawari?

Za a ce 'yan siyasa ma ɓarayi ne. Wa ya musa? Amma ɓarawon da ke jiran zaɓe ana iya korarsa da ƙuri'a, shi kuwa mai takobi sai wani takobin. Masu cewa Sifaniya daban Sahel daban, su fara gaya mana abin da ya sa hujjarsu ta zo iri ɗaya da ta Donoso, har da raina talaka da ke cikinta.

Abin yi ba boyayye ba ne. A tsayar da ranar zaɓe, a saki 'yan jarida, a bar kotu ta binciki kuɗin da ake kashewa da sunan tsaro. Donoso dai, duk da taurin ra'ayinsa, ya samu majalisar da zai miƙe ya soki Narváez. A Yamai yau babu zaɓaɓɓiyar majalisar da wani zai miƙe a cikinta.