Kafin ka sayi inji, tambayi awa nawa ake ɗauka a juya shi

Mai shirin buɗe masana'anta tambayarsa ɗaya ce kullum: wannan injin guda nawa yake fitarwa a awa? Tambayar da ta fi damuna ita ce, ranar da kasuwa ta juya wa kayanka baya, yaushe injin zai fara yin wani abu daban, bayan kwana biyu ko bayan wata shida?

A 1996 aka kafa wata cibiyar bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka ƙarƙashin Farfesa Yoram Koren, aikinta ke nan. Sun lura cewa layin da aka gina don kaya ɗaya tak yana da sauri da arha muddin ana saye, ranar da aka daina kuwa sai 'yan gwangwan su zo su auna shi a kilo. Injinan kwamfuta masu iya komai kuma tsadarsu ta yi yawa, kana biyan kuɗin ayyukan da ba za ka taɓa sa su ba. Shawararsu ita ce a gina layin gunduwa-gunduwa don kayan da suke dangin juna, yadda za a cire wannan sashe a ɗaura wancan, a ƙara inji idan ciniki ya buɗe, a rage idan ya ja baya.

Ni dai na gamsu, kuma mu ne ya kamata mu fi kowa riƙe wannan tunani. Tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a watan Yunin 2023, mai shigo da kayan sarrafawa bai san nawa zai biya a wata mai zuwa ba. A Afrilun 2024 kuɗin wutar Band A, wato rukunin da ya fi samun lantarki, ya koma naira 225 kowane yunit. A irin wannan yanayi, zuba dukan jari a kaya iri ɗaya kasada ce babba.

Ku leƙa masana'antar roba a Sharaɗa ko Bompai. Injin da ke fitar da bokiti shi ne zai fitar da kwano ko kwando, mol kawai ake canzawa, wato mazubin ƙarfen da ke ba robar siffa. To amma ku tsaya ku ga yadda ake canjin a wasu wuraren: an kashe inji tukuna sannan ake neman sifana, sarƙar ɗaga mol tana wani ɗaki, sabon mol ɗin ya yi tsatsa, sai a yini ana daidaita shi robar tana fitowa a karkace ana mayarwa niƙa. Shigeo Shingo, injiniyan Japan da ya yi aiki da Toyota, a nan ya sa ido. Duk abin da za a iya shiryawa inji na aiki, a shirya shi tun kafin a kashe. Da haka canjin da ke cin awoyi ya dawo ƙasa da minti goma. Wannan ba ya bukatar dala ko ɗaya, tsari kawai yake so.

Inji kuma ba ya juya kansa. A Fabrairun 1997 gobara ta cinye masana'antar Aisin da ke yi wa Toyota kusan dukan wani ƙaramin bawul na birki. Kamfanoni da dama suka karɓi zanen suka gyara injinansu, har da Brother mai yin keken ɗinki, cikin kusan mako guda Toyota ta dawo aiki. Ƙwararrun ma'aikata ne suka yi wannan.

Shi ya sa nake roƙon masu masana'antu su daina barin masu haɗa inji da makanike su tafi saboda ɗan bambancin albashi. Bankunan da ke ba da rancen injuna su ma su riƙa tambayar mai nema kaya iri nawa injin zai iya yi, kuma wa ya tanada da zai juya shi.